Fim Ya Ci Kasuwa, To Gem Ɗinsa Fa? Tambayoyi da Amsoshi

Kusan duk ranar Alhamis bayan Isha'i, in muka haɗu a istirahar, wato gidan hutawa, da muke kamawa a kudancin Jidda, musun nan na mai da fim gem sai ya taso. Wani zai dawo daga sinima fim na cinsa, ya ce wallahi da za a mai da wannan gem da an daina buga PUBG. Wani ya ce kai dai sha shayinka. Ƙannenmu na Makka, 'yan Shari' Mansur da Misfala, su ma sukan turo irin waɗannan tambayoyi ta WhatsApp, har iyaye sun fara sa baki, ko da yake tasu damuwar daban ce. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Wai wane irin gem ake magana a kai?

Wanda ake bugawa da mutane na gaske ta intanet, ba wanda za ka zauna kai kaɗai da Sony ɗinka, wato PlayStation, kana bin labari har ya ƙare ba. Iri biyu ne a taƙaice. Akwai na zagaye, kamar PUBG da Fortnite da Free Fire: a zuba ku a fili, a fafata na mintuna, a tashi, a sake sabon lale. Akwai kuma na duniya mai ɗorewa, inda dubban mutane ke zaune a ƙasa guda, da garuruwa da kasuwa da ƙungiyoyi, ko ka kashe na'ura ka kwanta duniyar tana nan tana tafiya. Babban misalin wannan shi ne World of Warcraft, wanda ya fito a 2004, ya kai masu biyan kuɗin wata miliyan 12 a 2010. Galibi in aka ce a mai da fim gem, wannan iri na biyun ne mutane ke mafarki, kuma shi ne mafi wuya.

Fim ɗin da duniya ta kalla ai yana da masoya tun kafin a fara. Me zai hana gem ɗinsa karɓuwa?

Sunan fim yana kawo mutane bakin ƙofa, wannan ba a musu. Satin farko za ka ga sabar, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da gem ɗin, ta cika har ana layi. Amma abin da ya kawo mutum daban, abin da zai zaunar da shi daban. Fim awa biyu ne ko uku, an tsara maka inda za ka yi dariya da inda gabanka zai faɗi, ka tashi ka tafi. Shi kuwa gem na intanet so yake ka dawo gobe da jibi da baɗi. Duk abin da ke cikin fim ɗin, ɗan gem mai naci zai cinye shi a kwana biyu, ya ɗago kai ya ce sai me?

Dubi balot, wasan katin nan na Saudiyya. Kati 32 ne, mutum huɗu, babu jarumi babu labari, amma tun muna yara dattawan unguwa ke kansa, yanzu kuma ya koma cikin jawwal, wato wayar hannu, ana ta yi har asuba. Abin da ya riƙe shi shi ne kowane zama daban yake, kuma akwai wanda za ka cinye ka yi masa dariya. Gem ɗin fim da bai samu irin wannan ƙashin bayan ba, sunan ba zai cece shi ba.

Kowa so yake ya zama jarumin fim ɗin. Yaya ake yi da wannan?

Nan gizo ke saƙar. A fim jarumi ɗaya ne, sauran duk 'yan rakiya. A gem kuwa mutum dubu goma ne suka biya kuɗinsu, kowa yana ganin shi ya cancanci rawanin. In kowa ya zama sarki, wa zai riƙe laima?

Star Wars Galaxies ya ɗanɗana wannan. Ya fito a watan Yunin 2003, kuma da farko masu shi sun yi abin da ni a ganina shi ne daidai: sun ɓoye hanyar zama Jedi, mayaƙan nan masu takobin haske, har aka yi watanni kafin a ga na farko. Sauran jama'a sai suka kama sana'a. Akwai sana'o'i sama da 30: tela, likita, maƙerin makamai, magini, makaɗi, mai rawa. Mayaƙi in ya dawo daga daji a jigace, dole ya je wurin likita, ya kuma zauna gaban makaɗa kafin ya warware. 'Yan gem da kansu suka riƙa gina garuruwa suna naɗa shugabanni. Mutum yana iya shekara bai harba bindiga ba, yana ɗinki kawai, kuma a san sunansa a duk sabar.

A Nuwamban 2005 aka sauya tsarin gaba ɗaya don a jawo sababbin mutane. Aka rage sana'o'in zuwa tara, aka ce duk mai son Jedi ya zaɓa tun ranar farko. Tsofaffin 'yan gem da suka yi shekara biyu suna gina shagunansu suka wayi gari sana'arsu ta ɓace, da yawa suka tattara suka bar shi. Takobin da ake tsayawa kallo in an gan shi ya zama kamar wuƙar yankan albasa, kowa da tasa. Gem ɗin ya ci gaba da lallaɓawa har 15 ga Disamban 2011 da aka rufe shi.

Ban da wannan, akwai wasu da aka gwada suka faɗi?

Akwai. The Matrix Online ya fito a Maris 2005, kuma a takarda babu fim ɗin da ya fi shi dacewa, tunda shi kansa fim ɗin labarin mutane ne da ke rayuwa cikin duniyar kwamfuta. An ci gaba da labarin daga inda fim na uku ya tsaya, aka ba mutum zaɓin ɓangare uku da zai bi, har ma'aikatan kamfanin sukan shiga da siffar taurarin fim ɗin su yi magana da 'yan gem kai-tsaye. A cikin gem ɗin ne ma aka kashe Morpheus, ɗaya daga cikin manyan taurarin fim ɗin. Duk da haka ranar 31 ga Yulin 2009 aka kashe sabar. Ranar da ake wani babban lamari na labarin, gari yakan cika. Sauran ranakun kuwa aiki iri ɗaya ne a cikin gine-gine masu kama da juna, ga shi ya fito watanni kaɗan bayan World of Warcraft ya kwashe jama'a.

Pirates of the Caribbean Online na kamfanin Disney ya fara a 2007, aka rufe shi a 2013. Marvel's Avengers ya fito a 2020, shekara guda bayan fim ɗin jaruman ya karya tarihin kuɗi a sinima, amma a 2023 kamfanin ya daina kula da shi. Labarin Friday the 13th kuwa ba laifin gem ɗin ba ne, yana cikin amsar da ke magana a kan lasisi.

To babu wanda ya tsira kenan?

Akwai, kuma yadda suka tsira ya fi faɗuwar wasu koyarwa. Star Wars: The Old Republic ya fito ranar 20 ga Disamban 2011, kwana biyar da rufe ɗan'uwansa Star Wars Galaxies. Dabararsa ita ce ya gudu daga fina-finan: ya kai labarinsa sama da shekara 3,000 kafin zamaninsu, lokacin da Jedi suke da yawa, don haka ganin dubu a kasuwa ba abin mamaki ba ne. Ko shi ma bai cika shekara ba sai da ya buɗe ƙofar shiga kyauta a Nuwamban 2012, saboda masu biyan kuɗin wata sun ragu. Amma ya rayu.

The Lord of the Rings Online ya fito a 2007, lokacin da fina-finan ke ran mutane, sai dai lasisinsa na littattafan ne. Ba a ba ka babban jarumin ba. Kai wani ne can a gefe, kana taimakawa daga nesa, kana noma, kana girki, kana kamun kifi. An sa kayan kiɗa a ciki, 'yan gem suka kafa ƙungiyoyin makaɗa suna shirya taro. Shekara da shekaru ke nan mutane suna komawa, wasu don su gaisa da abokai kawai, kamar yadda muke zuwa istiraha ko ba za a taɓa Sony ba.

Ta yaya zan gane fim ɗin da zai yi gem mai kyau?

Ni ga gwajin da nake yi. Cire jarumin daga fim ɗin, ka cire wadda yake so, ka cire mugun. Me ya rage? In akwai gari, da kasuwa, da hanyoyi, da ɓangarori biyu ko uku da ke da dalilin rigima ko babu jarumin, to akwai inda za a zuba mutane. In kuwa da ka cire su allon ya zama fayau, fim ne mai kyau, a bar shi a matsayinsa.

Abu na biyu, me hannu zai riƙa yi? Fim yana iya rayuwa da kallon ido da kalamai masu daɗi, amma ɗan gem yatsunsa ne ke aiki. Dole a samu wani abu, ko gudu ko ɓuya ko ciniki ko tuƙi, da za a yi sau dubu ba a gaji ba. Shi ya sa fina-finan ban tsoro suka fi sauƙi: mutum ɗaya yana farauta, sauran suna gudu, wasan ɓuya ne da kowane yaro ya sani. Dead by Daylight, wanda wani kamfanin Kanada ya fitar a 2016, a kan haka ya ginu, huɗu da ɗaya, kuma daga baya ya riƙa aro dodannin fina-finai ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa ba a fitar da gem ɗin tare da fim, tun ƙarfe na da zafi?

Don ba tafiyarsu ɗaya ba. Babban gem na intanet yakan ci shekara huɗu ko biyar ana gina shi, zafin fim kuwa watanni ne. In aka yi gaggawa a samu ɗanye. Har gobe ana ba da labarin gem ɗin E.T. na kamfanin Atari a 1982, da aka haɗa cikin kusan mako biyar don a riski kasuwar ƙarshen shekara. Ya yi kwantai har aka binne wasu a juji a jihar New Mexico ta Amurka, sai a 2014 aka tono su. GoldenEye 007 kuwa sai 1997 ya fito, shekara biyu bayan fim ɗinsa, ya sayar da kwafi kusan miliyan 8. Ba ta intanet ake buga shi ba, mutum huɗu ne a gaban talabijin ɗaya, amma wannan ɓangaren na fafatawa da juna shi mutane suka riƙe, ba labarin ba.

Mene ne lasisi, kuma me ya sa kullum ake ɗora masa laifi?

Kamfanin gem ba shi ne mai fim ba. Hayar sunan yake yi na wasu shekaru, ya biya, kuma duk abin da zai ƙara sai mai fim ya sa hannu. Ba zai kashe wane ba, ba zai sauya rigar wance ba. Zanin aro dai ba ya rufe katara.

Friday the 13th: The Game ya fito a 2017 ya samu karɓuwa sosai: mutum ɗaya ne makashin, har bakwai suna neman hanyar tsira. Sai shari'a ta ɓarke tsakanin marubucin fim ɗin na asali da ɓangaren wanda ya shirya shi, a kan wa ke da haƙƙin labarin. A 2018 masu gem suka sanar da cewa ba za su iya ƙara komai ba, ko taswira ko riga. Gem na intanet da aka daina ƙara masa abu kuwa ya kama hanyar mutuwa. Lasisin ya ƙare a ƙarshen 2023 aka daina sayar da shi, aka rufe sabar a ƙarshen 2024. Kwatanta da Dead by Daylight da muka ambata a baya: shi gidansa nasa ne, baƙi yake sauka, in baƙo ɗaya ya tafi gida yana nan.

Shi ya sa yanzu sai dai mu ga taurarin fim cikin Fortnite da PUBG?

Ƙwarai. Masu fim sun gane cewa gina gari daga tushe kasada ce, kama shago a kasuwar da ta riga ta cika ya fi arha. A Mayun 2018 Fortnite ya shigo da Thanos, mugun fim ɗin Avengers, na ɗan lokaci, a 2021 PUBG Mobile ya kawo Godzilla da Kong. Mako biyu ko wata guda, a sayar da riguna, a yi wa fim talla, kowa ya kama gabansa. A harkar kuɗi wannan ita ce hanyar da ta fi aiki. Ni dai ba na kiran wannan mai da fim gem. Rigar fim ce aka ɗora wa gem ɗin wani.

In aka rufe sabar, kuɗin da na kashe fa?

Sun tafi, ɗan'uwa. Wancan dogon rubutun da kake danna amincewa ba ka karanta ba, abin da yake cewa shi ne izinin amfani aka ba ka, ba mallaka ba. Ɗan yayata ya yi wata uku yana tara kuɗin makaranta da ake ba shi na karin kumallo, riyal biyar biyar, ya yi shahan, wato ya zuba kuɗin a gem, ya sayi wata rigar jarumi a wani gem na waya. Ba a yi shekara ba aka sanar da rufewa. Ya zo ya same ni da jawwal a hannu, idonsa ya kawo ruwa: “Kawu, to rigata ina za a kai mini ita?” Na rasa abin da zan ce masa, sai na ja shi muka je muka ci mutabbak.

Gem ɗin da ke kan lasisin fim haɗarinsa ninki biyu ne, domin ko yana da jama'a yarjejeniya tana iya ƙarewa.

Ni uwa ce. Yarona ya ce gem ɗin kyauta ne, amma kullum yana neman kuɗin shaddat. Yaya abin yake?

Hajiya, shiga ce kyauta, zama ba kyauta ba. Shaddat kuɗin cikin PUBG ne, kowane gem da irin nasa. Sabar tana cin kuɗi kowane wata, ma'aikata suna cin albashi, in gem ɗin na fim ne ga kuma kason mai fim. Daga aljihun 'yan gem duk za a fitar. Sayen riga da aka ga farashinta da sauƙi. Wanda ya kamata ki sa wa ido shi ne akwatin sa'a: a biya kuɗi, a buɗe, ba a san abin da zai fito ba. A Nuwamban 2017 irin wannan ya jawo wa Star Wars Battlefront II fushin jama'a har kamfanin ya dakatar da sayayyar cikin gem ana gab da fitar da shi, kuma a 2018 ƙasar Beljiyam ta ce akwatunan da ake saya da kuɗi suna cikin hukuncin caca.

Kada ki bar katin bankinki a ajiye cikin wayarsa. Ki saya masa katin shahan mai iyaka, in ya ƙare ya ƙare. Ki duba alamar shekaru da ke jikin gem, don kasancewar yaro ya kalli fim ɗin ba ya nufin gem ɗin ya dace da shi, tunda a ciki zai riƙa hira da manya da ba ki sani ba. Sannan zagaye ba a tsayar da shi a tsakiya, shi ya sa in kin kira shi salla yake cewa saura kaɗan. A yi yarjejeniya: in an kusa kiran salla ba a fara sabo.

Saudiyya tana zuba kuɗi a fim da gem. Za a iya yin irin wannan a nan?

Kuɗi da jama'a dai akwai. An sake buɗe sinima a Riyad a Afrilun 2018 da fim ɗin Black Panther, bayan fiye da shekara 30 babu. Jidda tana karɓar bikin fina-finai na Bahar Maliya tun 2021. Kamfanin Savvy, mallakar asusun zuba jari na gwamnati, ya sayi kamfanin gem na Scopely a 2023 kan dala biliyan 4.9, kuma Scopely ne ke da Star Trek Fleet Command, gem na waya da aka gina a kan duniyar fina-finan Star Trek tun 2018. Ka ga ashe wani gem ɗin fim da ya rayu yana hannun 'yan nan ɗin.

Amma dubi gasar cin kofin duniya ta gem da aka yi a Riyad a 2024, mai kyautar sama da dala miliyan 60. Dota 2, League of Legends, Counter-Strike, PUBG Mobile, Free Fire, Tekken: babu ɗaya a cikin waɗannan da ya fito daga fim. Duk gem aka haife su. Sannan duk wanda zai yi don mutanen yankin nan sai ya kawo sabar kusa. Wanda ya taɓa bugawa a sabar Turai ya san haushin ka harbi mutum, kafin harsashin ya isa shi ya riga ya kwantar da kai.

To fim ɗin Hausa fa? Akwai na Kannywood da zai yi?

Mu yi gwajin nan na cire jarumi. Mafi yawan fina-finanmu na soyayya ne, da kishi, da rikicin gado, kuma a falo ake yinsu. Ka cire miji da uwargida da amarya, sai kujeru da labule. Wannan ba aibi ba ne, ƙarfinsu a baki yake, gem kuwa a yatsa. Masu dogon zango na YouTube ma haka.

Inda nake ganin akwai taska shi ne fim ɗin tarihi, in an samu mai yinsa da kyau. Birni mai ganuwa da ƙofofi, kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata, maƙera da dukawa da majema, fatake masu zuwa Gwanja ɗauko goro, ayarin gishiri daga Bilma. Kowa yana da abin yi ba sai ya zama sarki ba, irin abin da Star Wars Galaxies ya samu ya yar. Ga dambe da kokawa da langa don masu son fafatawa.

Mu kuma 'yan nan muna da namu labarin da ya fi kowanne. Kakata ta wajen uwa da ƙafa iyayenta suka taso daga ƙasar Hausa, ta Chadi, ta Darfur, suna tsayawa su yi noma ko ƙodago su tara guzuri, su sake tashi, shekaru suna tafiya. Wasu suka zauna a Mai Wurno ba su ƙarasa ba, zuriyarsu tana Sudan har yau. In gem ne, ga madugu, ga jagaba, ga mai kula da ruwa, ga ungozoma, ga mai ciniki a zango, kuma ayari ba ya isa sai da kowa. Ni da zan tsara shi, a gaɓar Sawakin zan tsayar da shi, ayari na jiran jirgin ruwa. Abin da ke tsallaken teku ba na wasa ba ne. Da na faɗa wa kakata wannan tunanin, sai ta tambaye ni ko a cikin gem ɗin ma jaki yana mutuwa a hanya, don nasu biyu ne suka mutu kafin El Fashir.